Sunayen Abubuwa a Shagon Zane da Ɗab'i: Laccar da Aka Gabatar a Kakuri

 Na ga mutanen Makera da Nasarawa da Barnawa da Sabon Tasha, har da waɗanda suka ƙetaro gada daga Tudun Wada. 

An ce in yi magana a kan kalmomin da ake amfani da su a sana'ar zane da tsara rubutu. Na karɓa da murna, domin na daɗe ina ganin cewa yawancin rigimar da ake yi a shagon ɗab'i, wadda ake ɗora wa tsadar takarda ko ɗaukewar wuta ko ha'inci, asalinta mutum biyu ne suka yi ciniki a kan abin da ba su iya kiran sunansa ba. Mai aiki ya ce, "Ka yi mini shi ya fito sosai." Mai zane ya ce, "An gama, Alhaji." Kowa da hoton da ke kansa. Sai an buga kwafi 500 an yanke, sannan a gane ba abu ɗaya ake nufi ba. Wanda ya kai shadda wurin tela ba ya tsayawa a kan "ɗinka mini mai kyau". Yana faɗin irin wuyan da yake so, da tsawon hannu, da aska biyu ko aska takwas, shi ya sa in tela ya kauce yana da bakin magana. Irin wannan bakin maganar nake so mu fita da shi daga ɗakin nan.

Kada wani ya ɗauka sa wa siffar harafi suna baƙon abu ne a wurinmu. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san babbaƙu da farfaru, ya san ba a koya wa yaro lam kawai a wuce. Akwai lam jaye, akwai lam ara, gwargwadon inda harafin ya faɗo a cikin kalma. Akwai ha babba da ha kuri, da nun guda, da shin mai ruwa saboda ɗigoginsa, da ɗa mai hannu saboda sandar da ke tsaye a kansa. Alaramman da ke rubuta Alƙur'ani da ka yana da tsarin launi da ba ya saɓawa: baƙar tawada ga baƙaƙe, ja ga wasulla, rawaya da kore ga alamomin hamza. Yana da alamar aya, da kumsa a kan aya ta biyar, da kuri a kan ta goma, da adon gefen shafi da ke nuna sumuni da rubu'i da izifi. In ɗalibi ya sauke, a yi masa allon zayyana. Duk abin da mai zanen kwamfuta ke fama da shi yau, wato abin da ido zai fara gani, da launin da ke raba aiki da aiki, da fili nawa za a bari a gefe, malamanmu sun warware shi da alƙalamin kara, kuma kowane abu da sunansa.

Injin ɗab'i daga kudu ya shigo ƙasar nan. An kafa shi a Kalaba a 1846, sannan a Abeokuta, inda Henry Townsend ya fara buga jaridar Iwe Irohin a 1859. A Arewa, Zariya ce ta zama cibiya: can aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, can aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Kaduna ta samu jaridar New Nigerian ranar 1 ga Janairu 1966. A farkon wannan zamani harafi ƙarfe ne da ake ɗauka da yatsa. Kowane baƙi an zuba shi da dalma a kan ɗan sanda, a juye, mai jera haruffa yana tsinto su ɗaya bayan ɗaya daga akwati mai gida-gida, manyan baƙaƙe a akwatin sama, ƙanana a na ƙasa. Na kawo wannan ne domin da yawa daga cikin kalmomin da kuke dannawa a CorelDRAW daga wannan ɗakin dalmar suka fito, kuma wanda ya ga yadda ake aikin da hannu ya fi saurin gane abin da kwamfuta ke tambayarsa.

Mu fara da abin da ake kira fon a shago, wato salon harafi. Salo dubbai ne, amma rabon farko da ya kamata yaro ya sani gida biyu ne. Akwai haruffa masu ƙafa, waɗanda aka yi wa 'yan ƙananan dungu a ƙarshen kowace sanda, irin Times New Roman da jaridar The Times ta Landan ta fara amfani da shi a 1932. Akwai marasa ƙafa, sumul, irin Helvetica da aka fitar a Suwizalan a 1957, da Arial wanda ke kan kusan kowace kwamfuta. Al'adar masu buga littafi ita ce a ba masu ƙafa dogon karatu, marasa ƙafa kuma su riƙe allon hanya da fosta da fuskar waya. Ba doka ba ce, amma akwai hikima a ciki. Kowane salo yana da 'yan gidansu: mai kauri, wanda kuke ce wa bol, da na kishingiɗe, wato italik, wanda aka fara bugawa a birnin Banis na Italiya a 1501, da siriri, da matsattse. Shawarata ga mai koyo ita ce ya riƙe salo biyu a aiki ɗaya, ɗaya na kanu ɗaya na jiki. Fostar da aka zuba wa salo bakwai, kowanne da inuwa da walƙiya, tana gajiyar da ido kafin ya kai ga ranar taro da wurin da za a yi shi, alhali saboda su aka biya kuɗin.

Girman harafi da foyin ake auna shi. Foyin 72 ne inci ɗaya, wato santimita 2.54. Jikin littafi yakan tsaya tsakanin 10 da 12. Amma ku lura, lamba ɗaya ba ta ba da girma ɗaya. Ku rubuta kalma da Times a kan 12, ku sake rubuta ta da Arial a kan 12, za ku ga ta biyu ta fi cika ido. Dalili shi ne tsayin ciki, wato tsayin ƙananan baƙaƙe irin a da n da s waɗanda ba su da wuya a sama ba su da jela a ƙasa. Wannan tsayin ne ke sa rubutu ya karantu. Don haka in za ku buga littafin waƙoƙi na coci ko littafin addu'o'i da dattijo zai riƙe da asuba cikin hasken da bai isa ba, kada ku tsaya ga lamba. Ku buga shafi ɗaya, ku miƙa wa mai shekara sittin ya karanta muku.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, wato tazara. Tazara uku ce, kuma rashin bambance su ne ke sa a ce aiki "bai zauna ba" a rasa dalili.

Ta farko tazarar sadara ce, filin da ke tsakanin layi da layi, wadda ake ce wa lidin. A zamanin ƙarfe siririn sandan dalma ake cusawa tsakanin layuka don a buɗa su. Abin da aka saba shi ne harafi mai foyin 10 ya samu tazara 12. Rubutun Hausa yana son a ɗan sake masa fiye da na Turanci, domin muna da dogayen baƙaƙe masu lanƙwasa a ka, ɓ da ɗ da ƙ, ga kuma y da g da j masu jela suna saukowa daga layin sama. In an matse, sai ƙugiya ta sarƙe da jela, shafi ya yi duhu.

Ta biyu ita ce tazarar da ake buɗa wa ko matse wa kalma gaba ɗaya. Ta uku kuwa gyaran tsakanin baƙaƙe biyu ne kawai, wanda ake kira kanin. Ba sai mun je nesa neman misali ba. Ku rubuta BARNAWA da manyan baƙaƙe ku ja baya ku duba. Tsakanin N da A lafiya lau, amma A ta jingina ta nan, W ta buɗe ta can, sai ka ga rami a hagu da dama na W, har kalmar ta so rabuwa biyu. Haka T da A a cikin TASHA: hannun T ya miƙe, ƙafar A ta baje, fili ya zauna a tsakani. Aikin mai zane ne ya tura A ta shige ƙarƙashin hannun T har ido ya ga tazarar ta yi daidai da sauran, ko da ma'auni ya ce ba daidai ba ne. Sannan ku rubuta Barnawa da ƙananan baƙaƙe marasa ƙafa, ku matse ta don ta shiga allo. Nan take r da n za su manne su koma m, mai wucewa a Keke Napep ya karanta Bamawa. Na ga wannan a allon shago da idona, kuma mai shagon kuɗi ya biya cif. Da ya san ana kiran abin tazara, da ya ce a buɗa kafin a buga.

Jera sadara ma da nata. Ko a jingina rubutu a hagu, ko a dama, ko a tsakiya, ko a cika layi daga gefe zuwa gefe yadda jarida ke yi. Wannan na ƙarshen yana da kyau a ido, amma a siririn ginshiƙi yakan bar ramuka tsakanin kalmomi, su jeru daga sama zuwa ƙasa. Don a toshe ramukan sai a ce wa kwamfuta ta riƙa karya kalma a ƙarshen layi, ita kuwa da ƙa'idar Turanci take karyawa. Sai ta raba t da s a cikin tsatsa, ko ƙ da w a cikin ƙwaƙwalwa, alhali a Hausa kowanne sauti ɗaya ne da ba ya rabuwa. In aikin Hausa ne, ku kashe wannan umarnin, ku karya da hannu a kan gaɓa.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi ci mini rai, haruffa masu ƙugiya. A farkon boko, da ɗigo a ƙarƙashi ko 'yar waƙafi a gefe ake nuna waɗannan sautuka. A shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorantar Hukumar Talifi a Zariya, aka tsayar da ɓ da ɗ da ƙ kamar yadda muka san su. Jamhuriyar Nijar ta ƙara da ƴ, mu kuma muna rubuta 'y. Ku tuna a lokacin sai an zuba sabon ƙarfe kafin a buga ƙ ɗaya, kuma an zuba. A shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta tsara haruffan bai-ɗaya don harsunan Nijeriya, har Hermann Zapf, Bajamushen da duniya ta san shi a zanen harafi, ya zana musu salo. Da kwamfuta ta shigo, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro salon Rabi'at da Abdalla, marubuta da yawa suka samu mafita a lokacin. Yau kuma tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, manya da ƙanana, kuma allon rubutun Hausa yana cikin wayar da ke aljihunka. To, wace hujja ta rage mana da za mu buga katin biki a ce ana maraba da manyan baki, alhali baƙi ake nufi?

Abin da ke faruwa a shago na san shi. Mai zane ya zaɓi salo mai ƙayatarwa wanda wanda ya ƙera shi bai sa masa ƙ ba. In an rubuta, ko dai akwati fanko ya fito a gurbin harafin, ko kwamfuta ta aro ƙ daga wani salon ta liƙa, sai ka ga baƙi ɗaya siriri a tsakiyar kalma mai kauri. Daga nan sai yaro ya gaji ya cire ƙugiyar, ko ya zana ta da hannu ta fito a karkace. Maganin ba shi da tsada. Kafin ka fara kowane aikin Hausa, rubuta Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ da salon da ka zaɓa, da mai kaurinsa da na kishingiɗensa. In duk sun fito da kamanni ɗaya, bismilla. In ba su fito ba, sauya salo. Akwai na kyauta da suka cika, irin Noto na Google, da Charis da Andika na ƙungiyar SIL. Sannan ku sa ido a kan 'yar waƙafin sama ta 'ya'ya da 'yan'uwa. In ta zo a farkon kalma, kwamfuta takan ɗauka zance za a buɗe, sai ta juya mata baya. Ku duba, ku mayar da ita ta fuskanci inda ta cikin jama'a ke fuskanta.

Na nanata wannan a nan ne musamman saboda wannan ɓangare na gari. A kudancin kogin Kaduna, Bajju da Atyap da Gbagyi da Adara da Bahaushe da Bayarabe da Ibo, dukansu da Hausa suke ciniki a kasuwa. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa. Fostar taron coci a Sabon Tasha da ta wa'azi a Makera daga inji ɗaya suke fitowa, sau da yawa da hannun yaro ɗaya. Harshen da ya ɗauki wannan nauyin ya cancanci a rubuta shi daidai. Haka in an kawo muku aikin ajami, ku sani salon Larabcin da ke kan kwamfuta na Gabas ne. A rubutunmu na Warshu, fa ɗigonta ɗaya a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Akwai salo mai suna Alkalami da SIL ta zana a kan rubutun Kano, ku neme shi.

Sai launi, kuma a nan akwai dattawa a ɗakin nan da ya kamata in miƙa wa makirufo. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960. Waɗanda suka yi aiki a sashen buga atamfa sun san cewa zane mai launi huɗu ba a buga shi tashi ɗaya. Sai an rarrabe shi, kowane launi da nasa abin bugawa, kuma dole kowanne ya sauka daidai inda aka tanadar masa. In ja ya goce da kaurin gashi, fure ya fita daga iyakarsa, yadi ya koma na araha. Sun kuma san maimaici, wato yadda zane zai ƙare ya sake farawa ba a ga mahaɗa ba. Masaƙun sun durƙushe, KTL tun 2002, kuma abin baƙin ciki ne a ce wannan ilimin yana zaune a gidajen Kakuri da Nasarawa babu mai tambaya. Yara, ku je ku gaishe su ku yi tambaya, domin injin Kord da ke shagon maigidanku da wannan ƙa'idar yake aiki.

Takarda da tawada huɗu ake buga mata hoto: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya, da baƙi. Su ne CMYK, kowanne da farantinsa. Fuskar waya da ta kwamfuta kuwa da haske uku take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, wato RGB. Gilashi haske yake fitarwa, takarda kuwa hasken da ya faɗo mata take mayarwa, shi ya sa koren da ya ƙyalla a waya yake fitowa a dushe a kan kati. Ba a cuce ka ba, Hajiya, tawada ce ba ta kai can. Mai zane ya fara aikinsa a CMYK tun farko, ya kuma faɗa wa mai aiki gaskiya. Ƙananan rubutu kuma a yi su da baƙi zalla, faranti ɗaya. In aka haɗa baƙin da launi huɗu, faranti ɗaya ya ɗan goce, sai kowane harafi ya fito da inuwar ja ko shuɗi, ƙugiyar ƙ ta cushe.

Hoto iri biyu ne. Wanda kyamara ta ɗauka tarin 'yan ɗigogi ne da ake kira fiksel, kuma adadinsu ƙayyadadde ne. Bugu mai kyau na riƙewa a hannu yana son ɗigo 300 a kowane inci, don haka hoto mai faɗin fiksel 1,200 inci 4 kawai zai ba ka lafiya. In ka ja shi ya cika A3, fuskar amarya za ta farfashe. Bana da ake kallo daga tsallaken titi ba ta bukatar wannan yawan. Matsalar da kuka fi sani ita ce WhatsApp, wanda ke rage nauyin hoto in an tura shi a matsayin hoto, don haka ku ce a turo shi a matsayin fayil. Iri na biyu shi ne bekta, zanen da aka gina da layi da lissafi, wanda za ka iya buɗa shi daga girman hatimi zuwa bangon bene bai dushe ba. Tambari, ko zakin Peugeot ne ko dagin Arewa ko na makarantar unguwa, da bekta ake ajiye shi. Wanda ya biya kuɗin tambari ya karɓi wannan fayil ɗin, kada ya tafi da hoto kawai.

Sauran zan bi su da sauri. A4 milimita 210 ne da 297, A3 ninkinsa, A5 rabinsa. Nauyin takarda da giram ake faɗa: 80 ta ofis, 300 ta katin gayyata. In launi zai kai har bakin takarda, a bar masa rarar milimita 3 a kowane gefe, abin da ake kira bilid, domin wuƙar yanka ba ta sauka wuri ɗaya sau dubu, kuma in babu rara farin zare zai fito a gefe. Rubutu kuma a janye shi ciki, nesa da bakin wuƙa. Wannan tun ran gini ne, tun ran zane, ba a gyara shi bayan an ƙona faranti. Kafin fayil ya bar kwamfutarka zuwa wani shago, ka mayar da rubutun zane, ko ka fitar da PDF da salon a ƙunshe ciki, in ba haka ba injin da bai da salonka zai musanya shi da nasa, ƙugiyoyin da ka sha wahala a kansu su zube. Ka ajiye kwafin da ba a mayar ba, don ranar gyara.

Kalma ta ƙarshe da zan kawo ita ce furuf, bugun gwaji. A buga kwafi ɗaya a girmansa na gaskiya. Mai aiki ya zauna ya karanta da baki, suna bayan suna, da kwanan wata da lambar waya, ya nuna da yatsa ya ce a buɗa tazarar nan, a ƙara wa wannan kauri, wannan ɗ ɗin babu ƙugiya. In ya gamsu ya sa hannu a bayan takardar, maigida ya ajiye ta a fayil.

Ina da roƙo biyu kafin in zauna. Masu shaguna, kowa ya buga takarda ɗaya ya manna a bango inda abokin ciniki ke zama, da waɗannan kalmomin da Hausa, kowace da misalinta a gefe: ga mai ƙafa ga marar ƙafa, ga foyin 10 ga 14, ga BARNAWA kafin gyara ga ta bayan gyara. Malamanmu na sashen koyar da ɗab'i a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna kuma, muna roƙo ku zauna da malaman Hausa da tsofaffin ma'aikatan masaƙa da alarammomi, a daidaita sunayen, don abin da yaro ya koya a Barnawa ya zama shi ake faɗa a Kakuri.